Babur Ma Doya Ne, Ba Ya Jure Ajiya

A Assakio ba a tambayar mutum ko yana jin daɗin hawan babur ɗinsa. Abin da ake tambaya shi ne nawa ya saya, lita nawa yake sha zuwa Lafia da dawowa, doya nawa yake iya ɗaukowa daga gona a sahu guda. Wanda ya kawo zancen daɗi, kallon mai ƙoshi ake yi masa. "Daɗi kuma, Malam? Abin neman abinci ne fa." Kuma da gaskiyarsu. Garin yana kan hanyar da ta tashi daga Lafia ta bi ta Adogi, ta wuce Namu da Shendam a jihar Filato, amma da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi gonaki da ƙauyukan da ke kewaye, sai babur. Shi ke kai taki, shi ke kwaso riɗi da agushi, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke kai sanarwar rasuwa inda waya ba ta shiga. Alago da Eggon da Tibi da Fulani da Hausawa, kowa da harshensa a gida, amma a rumfar mai faci da ta bakanike duk Hausa ake yi, kuma kukan iri ɗaya ne.

Duk da haka tambayar tana nan, furta ta ne kawai ba a yi. Da asuba take zuwa wa mutum. Ya turo babur daga zaure, ya ɗora ƙafa a kan kiki, sai ya ji ransa bai so. Inji lafiya lau, taya da iska, hanya a bushe, amma da zai samu wanda zai je masa aiken nan da ya fi masa. Wannan mutumin kuwa, 'yan shekarun baya, da kansa yake ƙirƙiro aike don ya samu dalilin hawa. To, daɗin ne ya mutu, ko wani abu ne ya danne shi? Kuma in ya mutu, me za a yi da babur ɗin? Ni a ganina manomin doya ya fi kowa kusa da amsar, domin irin wannan hukunci yake yankewa a rumbunsa kowace shekara.

Kowa ya san yadda ake ɗokin sabuwar doya. Wajen Yuli zuwa Agusta, tsohuwa ta ƙare ko ta fi ƙarfin talaka, an gaji da tuwon masara da garin rogo, sai ga ta an fara tonowa da ɗanyar ƙasa a jikinta. A dafa, a kwarara manja, a barbaɗa gishiri, yara su kewaye tire. Amma tsakani da Allah, sabuwar doya ba ta kai tsohuwa daɗi ba. Ruwa ne ya yi mata yawa. In aka kirɓa ta sakwara sai ta yi saɓal-saɓal, babu danƙo. Rabin daɗinta jiran da aka sha ne.

Haka sabon babur yake. Ledar kujera ba a cire ta sai ta yage don kanta. Kullum la'asar a wanke shi, madubi kuwa da gefen riga ake goge shi. Maƙwabta su zo su shafa tanki suna cewa, "Allah ya sa rai aka yi wa, Allah ya sa a kashe lafiya." Bakanike ya gargaɗe ka kada ka murɗa totur da yawa sai inji ya saki, kai kuwa hannunka sai ƙaiƙayi yake. Iyayenmu ma sun ga nasu zamanin. Lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, zamanin Janar Gowon, malaman makaranta da akawuna suka yi ta shigowa gari da Vespa da Honda da Yamaha, kuma mai babur a ƙauye a lokacin mutum ne da ake nunawa. Sai daga ƙarshen shekarun 1990 baburan ƙasar Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa da araha, daga baya Bajaj Boxer na Indiya ya mamaye karkara saboda jure lodi da rashin shan mai. Abin da ya kasance na ma'aikaci ya zama na manomi da ɗan tireda da saurayin da ya haɗa kuɗin ƙodago.

Ɗokin nan ba ya daɗewa a hannun kowa. Ba laifin babur ba ne, ba kuma laifin mai shi ba. Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne su ɗauki ƙarewar ɗoki a matsayin ƙarewar daɗi. Sai ka ga mutum ya sayar da lafiyayyen babur da asara, ya ciko kuɗi ya sayo sabo, ya yi wata uku yana murmushi, sannan ya koma gidan jiya. Mai neman ɗanɗanon sabuwar doya a watan Maris wahalar da kansa kawai yake yi.

Doyar da ta kwana wata uku ko huɗu a rumbu ba ta da kyan gani. Ta rage nauyi, fatarta ta yi kaushi. Amma ruwan ya tsane, wani ɓangare na sitacin cikinta ya juye ya zama sukari, shi ya sa take da ɗan zaƙin nan, kuma ita matan gida ke nema in za a yi wa baƙo sakwara. Daɗin tsohon babur irin wannan ne, ba ya da hayaniya. Ka san kukansa, har kana iya gane sarƙa ta saki tun ba ta faɗi ba. Ka san daga inda ka juya rizab zuwa inda zai mutu. Ka san giyar da yake so a hawan tudun nan na hanyar gona, ƙafarka tana canza ta ba tare da ka sani ba. Ga kuma safiyar da aka kwana ana ruwa: ƙura ta kwanta, iska na shiga hannun riga, tulin doya sun jeru dama da hagu ganye ya lulluɓe su, mata ɗauke da itace suna ɗaga maka hannu. Mai mota ba ya samun wannan, gilashi ya raba shi da duniya.

Babban daɗin ma, in za a faɗi gaskiya, ba iska ba ce. Rashin jira ne. Wanda ya taɓa zama a tasha ranar da ba ta kasuwa ba, yana jiran mutum biyu su cika mota, direba na ta cewa "yanzu za mu tashi" har rana ta take, shi ya san darajar makullin da ke aljihunsa. Ka tashi lokacin da ka ga dama, ka tsaya gaisuwa inda ka ga dama, ka ratse ka duba gonar rogo ba tare da neman iznin kowa ba.

A Amurka da Turai lamarin ya fi sauƙin warwarewa. Mutum yana da motarsa ta zuwa aiki, sai ya sayi Harley-Davidson, kamfanin da aka kafa a Milwaukee tun 1903, don yawon ƙarshen mako kawai, in sanyi ya shigo ya lulluɓe shi ya kulle. Ranar da ya daina jin daɗi sai ya sayar, babu abin da ya ragu a tukunyarsa. Mu kuwa babur ɗaya ne na nishaɗi kuma na abinci, kamar yadda doyar rumbu ɗaya ce ta ci kuma ta kuɗin makarantar yara. Shi ya sa hukuncin namu ya fi nauyi, kuma shi ya sa muke gudunsa.

Manomi dai ba ya zuba doya a rumbu ya juya baya. Yakan shiga lokaci zuwa lokaci, ya ɗaga wannan, ya juya waccan, ya karya tsiron da ya fara fitowa don kada ya tsotse ta, ya latsa da babban yatsa ya ji ko akwai inda ya yi laushi. Ya san ruɓa ba ta faɗowa daga sama. Daga rauni take farawa, inda fartanya ta sare ta wajen tono, ko inda yaran mota suka jefa ta wajen lodi. Waje fes, ciki ya tafi. Mai babur ma ya kamata ya latsa ya ji daga ina nasa daɗin ya fara laushi.

Wurin da yatsa zai fara nutsewa, ga yawancin mutane, mai ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin man fetur a jawabin rantsar da shi. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Ko da ta ɗan sauko daga baya, ba ta koma ko kusa da inda ta baro ba. Lita goma da ake zubawa da ƙasa da naira 2,000 ta koma sama da 10,000 a ƙarshen 2024. Daga nan "cika tanki" ta fita daga bakin mutane, sai "zuba na dubu ɗaya", ko rabin kwalba a wurin ɗan bumburutu. Dubi mahayan yanzu da kyau: kafin mutum ya hau sai ya girgiza babur ya kasa kunne ya ji motsin mai. A gangara sai ya kashe inji, ya sauko shiru, ya manta cewa ya raba kansa da birkin giya. Wanda idonsa ke kan tanki ba ya ganin hanya, balle ya ji daɗinta. Daɗin hawa yana bukatar ɗan sakin hannu, ɗan zagayen da ba shi da dalili, kuma wannan shi ne abu na farko da tsadar mai ta yanke. Har zumunci ya taɓu. Gwaggon da ake leƙawa duk Juma'a yanzu sai a waya, in akwai kati.

Faɗuwar naira ta ƙara nata. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024, kuma babur da kayan gyaransa, ko an biyo da su ta Nnewi ko ta Legas, da dala ake shigo da su. Sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. A ido wannan riba ce ga mai tsohon babur, tunda abin hannunsa ya yi daraja. Amma dukiyar da ta yi daraja barci take hanawa. Babur da ke kwana a zaure ya koma kwana a ɗaki, an ƙara masa kwaɗo da sarƙa. A masallacin Juma'a ma zuciyar wani rabi tana sahu, rabi tana waje.

Akwai kuma raunin da ba a cika faɗa ba saboda kunya, wato aro. "Yaya, ara mini mashin in je nan-nan in dawo." Nan-nan ɗin kuwa Namu ce. Zai dawo bayan magariba, tanki a bushe, abin taka ƙafa a lanƙwashe, ya miƙo makulli yana cewa, "Wallahi haka na same shi." Mai babur a babban gida direba ne marar albashi: kai niƙa, kai yara makaranta, ɗauko Inna daga tasha, kai surukin maƙwabci wurin mai ɗori. Babu wanda ba aikin lada ba ne a ciki, kuma ba na cewa a daina. Amma in aka shekara biyu mutum bai taɓa hawa babur ɗinsa don kansa ba, ba abin mamaki ba ne ya ji ƙarar injin ta zame masa ƙarar kiran aiki.

Rauni mafi zurfi shi ne tsoro, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta dasa shi. Yashi a kwana. Akuya ta ratso. Ko babbar mota ɗauke da doya ta taho cikin dare da fitila ɗaya, ka zaci ɗan'uwanka mai babur ne, sai da ta zo daf ka ga faɗinta. Ƙashi yakan haɗe, fata takan warke, amma hannu ba ya mantawa. Tsoron nan kuwa iri biyu ne. Akwai mai amfani, wanda ke sa mutum ya rage gudu in ya hango kasuwa, ya duba madubi kafin ya ratse. Duk tsohon mahayi da ya kai furfura da ƙafafunsa biyu yana da shi. Akwai kuma wanda ke sandarar da jiki. Mai irinsa yakan damƙe kan babur kamar za a ƙwace masa, ya cafki birkin gaba a kan yashi, ya ƙura wa ramin da yake gudu ido har ya faɗa cikinsa, domin babur inda ido ya kalla nan yake bi. Wannan mutumin ba daɗi kaɗai ya rasa ba, ya zama haɗari ga kansa da wanda ya goya. Nan ne tambayar da ake yi wa kallon ta mai ƙoshi take zama tambayar rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mu kuwa mun san yadda muka karɓi hular kwano. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta ranar 1 ga Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa a Kano ƙwarya suka kifa a ka suka ɗaure da igiya, labarin ya zaga duniya, muka yi ta dariya. Wani ya ce zafi, wani ya ce ƙwarƙwata, wani ya ce ana iya saka asiri a ciki. Shekaru sun shuɗe, har yau a hanyar Lafia zuwa Shendam sai ka ƙirga babura masu yawa kafin ka ga kai ɗaya a rufe. Wanda ya taɓa zuwa dubiya ɗakin masu karaya a babban asibiti ba ya ƙara yin wannan dariyar.

Sannan zamani ya shafa wa babur baƙin fenti. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006 lokacin Nasiru El-Rufa'i yana minista, Jos ta bi sahu daga baya, Kano ta hana goyo a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Yulin 2022 har gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babur a ƙasar baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Ba a yi ba, amma zargin ya zauna. Magidanci mai mutuncinsa sai ya sauka a shingen bincike ya tura babur kamar mai laifi. Hanyar gona kuma da an yi la'asar sakaliya kowa sai haramar gida. Garin Assakio da ya ga tashin hankali a 2012 da 2013 ba sai an koya masa taka-tsantsan ba.

To, an latsa an ji laushi. Sai me? Uwargida ba ta jefar da doya don gefe ɗaya ya taɓu. Wuƙa take sawa ta yanke, ta duba. In ta ga fari tas, sauran ya shiga tukunya. Manomi ma in ya yanke wurin da ya lalace yakan shafa toka a bakin yankan ya ajiye. Kafin mutum ya yanke wa babur hukunci, ya fara yanke abin da ya ruɓe ya ga me ya rage.

Sau da yawa ma laifin na ƙarfen ne. Babur ba ya lalacewa rana ɗaya, a hankali yake sauka, mai shi yana sabawa da kowane mataki har ya manta yadda lafiyayye yake. Shokozoba ta mutu, kowane rami sai ya sauka a ƙugunsa. Taya ta suɗe, kowace kwana sai gabansa ya faɗi. Sarƙa da sifoket sun cinye juna, baƙin mai ya zama kwalta, fitila kamar aci-balbal. Sai ya ce tsufa ne ya kama shi, alhali babur ne ke dukansa. Kuɗin taya biyu da birki da juyen baƙin mai da kwan fitila mai haske ba kaɗan ba ne a yau, amma bai kai kuɗin ɗori da watannin kwanciya ba. A yanke tafiyar dare in ba ta zama dole ba. A yanke lodin da ke sa mutum zama a kan tanki, buhu a baya, buhu a gaba, mata da yaro a tsakiya. A sayi hular kwano ta gaske, ba ta leburan gini ba. Mai aro kuma akwai yadda ake mayar da shi ba tare da an ɓata ba: "Yi haƙuri ƙanena, bari in na tashi fita sai in sauke ka." Zai ji haushi kwana biyu, ya huce.

Bayan an yi wannan, sai a ɗanɗana. Ka zaɓi safiyar da ba ta kasuwa ba, ba aike, ba goyo, ba lodi. Ka zuba mai ba tare da lissafi ba, sau ɗaya dai. Ka kama hanya, ko ta Adogi ko ta Namu, ba wurin kowa za ka ba. In ka kai inda ka yi niyyar juyawa ka ji kana so ka ƙara gaba kaɗan, doyarka fara ce, gefe ne kawai ya taɓu. In kuwa tun daga fita kafaɗunka a ɗaure suke, duk motar da ta taho sai ka ji kamar kai ta nufa, ba ka yi ajiyar zuciya ba sai da ka kafe shi a ƙofar gida, to ruɓar ta kai tsakiya. Kada ka yaudari kanka.

Kuma ba abin kunya ba ne. Ido yana raguwa, musamman da dare in fitilar mota ta haske shi. Baya yana gajiya, gwiwa tana ƙin kiki. Wani kuma ɗan'uwansa ya rasa a kan hanyar, tun daga ranar ko ƙarar babur ba ya son ji. Abin da ke hana irin waɗannan mutane sauka ba bukata ba ce kullum, bakin mutane ne. "Kawu ya sayar da mashin, anya ba karaya ba ce?" A bar su su faɗa. Masu faɗar ba su za su yi jinya ba. In mutum ya zauna ya haɗa kuɗin mai da gyara da faci da takardu na wata guda, ya kwatanta da abin da zai biya yaran going, wato 'yan acaɓa, su kai shi inda yake zuwa da gaske, wani zai tarar babu wata tazara, musamman wanda ya rage noma ko gonarsa ke kusa. Wanda gonarsa ke nesa da kwalta kuwa lissafinsa daban ne, shi gyara da rage haɗari ne nasa, ba rabuwa ba.

Hukunci mafi muni shi ne rashin hukunci: a jingine babur a zaure, a lulluɓe da tsohon buhu, a ce "sai na ga yadda hali ya yi". Najeriya ce ke noma kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya, amma ko gwamnati ta taɓa koyon cewa doya ba ta jira. A Yunin 2017 ministan noma na lokacin, Audu Ogbeh, ya ƙaddamar da fitar da tan 72 na doya zuwa Ingila da Amurka da biki da 'yan jarida. Aka samu jinkiri a hanya, rahotanni suka ce wani kaso ya isa a ruɓe. Babur da aka ajiye haka yake tafiya. Batir ya mutu. Man da ya rage ya bushe ya toshe kafireta. Tanki ya yi tsatsa daga ciki, taya ta tsattsage a inda ta zauna, ɓera ya ci wayoyi, kaji su mayar da kujera wurin kwana. Kafin shekara ta zagayo, abin da za a saya da daraja ya koma wanda mai saye zai zagaya yana taɓe baki, ƙarshenta sai 'yan gwangwan. Mai shi bai hau ba, bai sayar ba, bai ba wa kowa ba.

Wasu sukan ce to bari a mayar da shi iri, a ba yaro. Manomi yakan ware iri, gaskiya ne, amma ba ya binne shi a ƙasar da ba ta shirya ba. Doka ta ce sai mai shekara 18 ake ba lasin tuƙi, na babur ma haka. Mu kuwa sai ka ga ɗan shekara goma sha uku, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa, ya goyo ƙannensa biyu yana tsere da sa'o'insa a bakin kasuwa, uban yana alfahari wai yaron ya iya. Babur ɗin da kai mai shekara hamsin ka ji tsoronsa, ta yaya za ka miƙa wa wanda bai san tsoro ba tukuna? In ɗan ya kai munzali, a ba shi da birki mai ci da hula da sharaɗi. In bai kai ba, a sayar a saka kuɗin a karatunsa ko a gona.

Na san akwai wanda duk wannan zance bai shafe shi ba, wato ɗan going da babur ɗin ba nasa ba ne. Shi ɗan ƙodago ne a gonar wani. Ko ya ji daɗi ko bai ji ba, balas ɗin mai babur na jiransa da yamma, ko kuma kuɗin mako na babur da ya karɓa bashi a farashin da ya ɗara na kasuwa nesa. Shi ba shi da rumbun da zai shiga ya latsa. Maganata a nan ga masu ba da baburan ce: balas ɗin da ba a haɗa shi sai da gudu da lodin mutum uku da aikin dare, ku kuka yanka shi, kuma ranar da aka kwaso yaron daga kwalta, babur ɗinku ma ba zai dawo da kyan gani ba.

Kai kuma da ka latsa ka ga ruɓar ta kai tsakiya, kada ka bari damina ta sami babur ɗin a zaure. Ka fitar da shi da kaka, tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da kuɗin doya da riɗi ke hannun manoma kuma masu neman babur suka fi yawa. Ka wanke shi, ka gyara abin da ya sawwaƙa, ka faɗa wa mai saye aibinsa tsakani da Allah. Sannan kada ka yarda da cinikin baki, ko da ɗan unguwarku ne. A rubuta takarda da lambar inji da lambar jikin babur da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, domin babur ɗin da ya bar hannunka ba takarda, duk inda aka kama shi da laifi, ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa.